Wasiƙa zuwa ga Allo

Allah ya gafarta Malam,

Ina tambayar lafiyarka da ta abokan zamanka, kurtu da alƙalami da buzu. Da fatan gara ba ta taɓa ka ba, hayaƙin wutar dare kuma bai dame ka ba. Kada ka yi mamaki don na kira ka Malam alhali kai icce ne da masassaƙi ya fitar daga jikin aduwa. Duk wanda ya koya wa mutum abu malaminsa ne, kai kuwa da wuya a sami gidan da ba ka da almajiri a cikinsa, daga Sakkwato har Yarwa, daga Damagaram har zangon Kumasi.

Wata sana'a ce ta shigo gari ta yi kasuwa, ita ta sa na rubuto maka. Masu ita suna koya wa mutane yadda za su mallaki kansu: su tashi da wuri, su daina tura aikin yau zuwa gobe, su riƙe abin da suka fara har su ga ƙarshensa. Ana kama ɗakin taro a otal, a sayi tikiti, a zauna a yi ta tafi. Ana tura gajerun bidiyoyi a WhatsApp. Littafin da Ba'amurken nan James Clear ya fitar a 2018 a kan ƙananan ɗabi'un yau da kullum, har a hannun masu talla a bakin titi ana ganinsa in motoci sun cunkushe. Ban raina ko ɗaya daga cikinsu ba, akwai gaskiya a maganarsu. Abin da ke ci mini rai shi ne, a duk wannan hayaniya ban taɓa jin wanda ya ce a je a tambayi Allo ba.

Alhali kuwa kai ne tsohon hannu. A farkon mulkin Turawa, ƙididdigar gwamnatin Lugga ta nuna makarantunka sun haura 20,000 a Arewacin Nijeriya kaɗai. 'Yan'uwanka na nan a Sudan, a Somaliya, a Muritaniya, a Maroko da Sanagal, kowa da sunan da ake kiransa, aikin dai ɗaya ne. Kuma dubi girman aikin: a ɗauki yaron da bai san alu da ambaki ba, a kai shi matsayin da zai riƙe surori 114 a ka, daga baya ma ya zauna ya rubuta su duka ba tare da ya duba kofi ba, har da wasulla da alamun tsayawa. Babu mai bidiyon da ya taɓa ɗora wa mabiyansa buri mai nauyin wannan. Kai kuma ba 'yan baiwa kaɗai ka kai can ba. Ka kai 'ya'yan manoma da na maƙera da na makiyaya, masu kaifin kai da masu matsakaicin kai, ɗaruruwan shekaru kana yi.

In aka tambayi mutane sirrin, wasu su ce ƙarfin zuciya ne irin na mutanen da, wasu su ce bulala ce. Ni ban yarda da ko ɗaya ba. A ganina ka tsara al'amarin ne yadda ɗalibi ba ya bukatar ƙarfin zuciya mai yawa kafin ya ci gaba, kuma wannan shi ne abin da mu manya muka kasa yi wa kanmu.

Mu fara da jikinka. Kana da iyaka. Allon kolo bai wuce ya ɗauki 'yan layuka ba, na gardi mai faɗi ya ɗauki sumuni ko abin da ya ɗan ɗara. Duk zumuɗin da yaro ya tashi da shi, ko ya rantse yau sai ya haddace Baƙara, in alƙalami ya kai gindinka rubutu ya ƙare. Ba ka gardama da shi, ba ka yi masa wa'azi, wurin ne kawai babu. Sai mutum ya zauna ya yi lissafi. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, ke nan sumuni 480. Wanda ke wanke sumuni guda kowace rana, kwana biyar a mako, zai kai ƙarshe a mako 96, bai cika shekara biyu ba. Wanda sai ya kwana biyu a kan sumuni ɗaya, shekara huɗu ta ishe shi. Na san ba haka tafiyar take miƙe ba, akwai ciwo, akwai damina da aikin gona, akwai surorin da ke riƙe mutum. Amma lissafin ya nuna abu guda: ba a taɓa neman ɗalibinka ya yi bajinta a rana ɗaya ba. Littafin da kake ɗauke da shi ma ai a shekara 23 ya sauka, kaɗan-kaɗan.

Gwada wannan da yaron da zai zauna jarrabawar JAMB. Darussa huɗu ne a gabansa. Ran da abin ya motsa masa sai ya yage takarda ya zana jadawali, ya ba kansa awa takwas ko goma na karatu kullum, ya manna a bango. Ranar farko ya yi bakwai, ya kwanta yana jin kansa gwarzo. Rana ta uku kansa ya yi nauyi ya yi biyu. Kafin mako ya zagayo ya daina kallon bangon, saboda takardar ta koma mai tuna masa gazawarsa. Iyaye su ce malalaci ne. Ba lalaci ba ne ya kayar da shi, rubutu ya yi wa kansa wanda ya fi ƙarfin allonsa. Da ya sami mai ce masa shafi uku na lissafi da tambaya goma na Turanci, in ka gama ka tashi ko kana jin daɗin karatun, da yana nan yana yi har watan jarrabawa. Hana mai zumuɗi wuce ƙima rabin tarbiyya ne, mu kuwa tura malalaci kaɗai muka sani.

Sai maganar wanki, wadda ita ce ta fi burge ni a duk dokokinka. Ɗalibi ba ya wanke ka don ya gaji da kallon rubutun. Malam ya biya masa, ya koma gefe ya yi ta nanatawa yana bin layi da tsinke, har sai abin ya zauna. Sannan ya zo ya durƙusa, ya kifa ka ko ya miƙa ka ga malam, ya kawo da ka. In ya yi tuntuɓe a koma da shi, ko da abokansa sun wuce shi da allo uku. In ya kawo daidai a ce ya je ya wanke. Ruwan wankin ma ba a zubar da shi ko'ina, sai a wuri mai tsarki, ko a shanye. Daga wannan lokacin rubutun ya bar jikinka, ba shi da wani mazauni sai ƙirjin yaron.

Abubuwa biyu ne a ƙunshe a nan, kuma duka biyun masu bincike sun zo sun tarar da kai a kansu. Na farko, ba ka yarda da shaidar da mutum ke ba kansa. Kowa ya san yadda karatu ke yaudara: ka karanta shafi sau huɗu, idonka ya saba da shi, zuciyarka ta ce ka iya. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, suka raba ɗalibai, wasu suka yi ta maimaita karanta wani rubutu, wasu aka karɓe takardar aka ce su faɗi abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka sake gwadawa bayan mako guda, waɗanda aka tilasta wa kawowa da ka suka wuce su nesa. Abin da malamin zaure ke yi ke nan kowace safiya, bai kuwa taɓa jin sunan waɗannan mutane ba.

Na biyu, ka sa shaida a tsakani. Akwai wani mutum a zaune wanda zai san ko ka yi ko ba ka yi ba, kuma yau zai sani, ba ƙarshen shekara ba. Yawancin alkawuran da muke yi wa kanmu a ɓoye muke yinsu, a ɓoye kuma suke mutuwa, babu mai zuwa ta'aziyya. Matan unguwa sun gane wannan tun tuni, shi ya sa adashi ya fi asusu riƙe kuɗi. Asusu kana iya fasa shi tsakar dare ba wanda ya ji. Uwar adashi kuwa ranar zubi yarinyarta na bakin ƙofa, kuma in kika ce babu, kafin la'asar sauran 'yan zubi sun ji. Ba wai mai adashi ta fi mai asusu ƙarfin hali ba ne. Ta dai san halin kanta, sai ta ɗora wani a kai.

Akwai kuma abin da masu taron otal ba su cika faɗa ba, saboda ba ya sa tafi. Kama sabo ba shi ne wuyar ba, riƙe tsoho ne. Ɗalibinka na gaske ba ya wuni a kan sabon rubutu. Yana da lokacin tilawa, inda zai koma baya ya bi abin da ya wanke jiya, da na makon jiya, da na bara. Yana ƙara nisa tilawar na ƙara nauyi, har ta kai wanda ya sauke ya fi mai izu biyar aiki a kullum. Hadisi ya kwatanta mai hadda da mai raƙumi a ɗaure, wanda in ya yi sakaci da igiya sai ya nemi dabbarsa ya rasa. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa: ya haddace jerin gaɓoɓin da ba su da ma'ana, ya riƙa auna abin da ya rage masa bayan awa, bayan kwana, bayan wata. Ya tarar mantuwa ta fi sauri a farko-farko, sannan ta lafa, kuma duk bitar da aka yi bayan an ɗan ba da tazara tana rage mata gudu. Gardin da ke zagaya bayan gari da tilawa a bakinsa bai san binciken Ebbinghaus ba, amma a kansa yake tafiya.

Mu kuma fa? Je ka masallaci a goman ƙarshe na azumi, sahu har titi, mutane sun sauke sau ɗaya, wasu sau biyu. Koma ranar goma ga Shawwal da asuba ka ƙirga sahu. Mutanen nan ba munafukai ba ne. Sun tabbatar suna iya tashi ƙarfe uku na dare wata guda cur, abin da mai taron otal zai kira babban ƙarfin hali. Abin da suka rasa shi ne ɗan ƙaramin rabon da za su riƙe bayan gangar ta yi shiru. Hadisin Nana A'isha da ke fifita ƙaramin aiki mai ɗorewa a kan babba mai yankewa, kowa ya sha jinsa a wa'azi. Kai ne dai ka mayar da shi tsarin aiki.

Lokacinka ma ba a bar wa ɗalibi ya zaɓa ba. Bayan sallar asuba a ɗauke ka har hantsi. Bayan azahar a koma har wajen la'asar. Da dare a kewaye wutar karan da yara suka roro da yamma. Ka rataya kanka a jikin salla, salla kuwa ba ta fashi, saboda haka babu safiyar da yaro zai farka yana shawara da zuciyarsa ko yau zai yi karatu. Wannan shawarar ita ce ƙofar da shaiɗan ke shigowa, kai kuwa ka toshe ta da tubali. Wata mai bincike a jami'ar Landan, Phillippa Lally, ita da abokan aikinta sun bi mutum 96 na tsawon mako 12, sakamakon ya fito a 2009. Kowa ya zaɓi wani ɗan aiki, kamar shan ruwa ko cin 'ya'yan itace ko motsa jiki, ya ɗaura shi a jikin wani abu da yake yi kullum, misali bayan karin kumallo. Tsaka-tsakin lokacin da aikin ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, amma wani a kwana 18 ya samu, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254.

Na kawo waɗannan alƙaluma ne saboda wata magana da ta yi yawo har ta zama kamar aya, wai kwana 21 ke kafa ɗabi'a. Asalinta wani likitan gyaran fuska ne a Amurka, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a 1960 cewa marasa lafiyarsa kan ɗauki aƙalla mako uku kafin su saba da sabuwar kamarsu. Aka yar da “aƙalla”, aka yar da fuskar, aka riƙe lambar. Illarta ita ce mutum ya kai kwana 22, ya ji har yanzu tashin asuba na yi masa ciwo, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba irin masu iyawa ba ne. Kai ba ka taɓa yi wa kowa alkawarin kwanaki ba. Wani ya sauke yana ɗan shekara goma sha biyu, wani sai da gemu, kuma duka biyun allon zayyana iri ɗaya ake riƙa musu.

Binciken Lally ɗin nan ya kuma gano cewa tsallake rana guda ba ya rushe ginin. Nan ma ka riga su. Daga yammacin Laraba zuwa Juma'a kana jingine a bango, al'adar da malamai ke dangantawa da zamanin Sayyidina Umar. Yara su yi wanki, su yi wasa, gardawa su nemi na sabulu. Hutun da aka sa wa rana tun farko daban yake da hutun da mutum ya sata. Na farko ka dawo daga shi da ƙarfi, na biyu ka dawo da kunya, kunyar kuma ita ke sa a ƙara kwana, har a daina dawowa.

To, Malam, yabo ya isa haka, akwai maganar da ba za ta yi maka daɗi ba. An daɗe ana jingina bulala a kusa da kai, har mutane suka ɗauka ku tagwaye ne. Uba ya kai ɗansa ya ce da malam nama naka ƙashi nawa, in an yi magana a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙarshen wannan tunani mun gan shi a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, wasu da tabon duka a gadon baya. Na san wannan ba tsangaya ba ce irin wadda ka sani, amma da sunan tarbiyya aka yi, kuma da sunanka aka fake.

Hujjata a kan bulala daga cikin gidanka na ɗauko ta. Dubi gardin da ya bar garinsu bayan an gama girbi ya nufi gabas, ya yi Haɗeja ko Nguru ko Gashuwa ko Gaidam, ya kafa 'yar bukka a kiskadi shi kaɗai. Wa ke dukansa? Wa zai sani in ya kwana har rana ta take? Amma a nan ne ake yin haddar da ba ta zubewa. Daga nan ya shiga satu, ya rubuta da ka a jikinka, ya kai darasu gaban gwani a kama masa kuskuren wasali guda a gaban jama'a, ya dawo ya sake. Babu dorina a wannan mataki ko kaɗan, kuma shi ne mataki mafi wuya. Duka yana iya sa yaro ya zauna, amma iyakarsa idon mai dukan. Waɗanda tsoro kaɗai ya riƙe, ranar da suka fi ƙarfin bulala ranar suka ajiye ka, suna nan da yawa a tasha da bakin kasuwa, in ka ce su kawo Sabbi sai su yi dariya. Ba a ƙirga su in ana yabon tsohon tsari, ya kamata a riƙa ƙirgawa.

Yunwa ma haka. Akwai masu cewa bara na koya wa yaro haƙuri da ƙanƙan da kai. Yaron da ya wuni yana bin gidaje da roba a hannu, lokacin tilawarsa ne ya tafi a kan titi. Duk abin da na lissafa a sama, ɗan rabo da tsayayyen lokaci da mai saurare da bita, babu wanda ke aiki a kan cikin da ba komai. Wannan kuma ya shafi manya. Kafin a ce da ɗan acaba ko mai wankau ba shi da tsari, a fara tambaya awa nawa ya rage masa bayan ya nemo na tuwo. Masu taron otal sun fi kowa mantawa da wannan, da yake masu sayen tikitinsu sun karya kafin su fito.

Kishiyarka ta zamani kuwa, wayar hannu, an gina ta ne a kan saɓanin duk abin da kake. Kai kana da gindi, ita ba ta da shi. A 2006 wani injiniya mai suna Aza Raskin ya ƙirƙiro dabarar da ke sa shafi ya yi ta zuwa in ana jan sa da yatsa ba ya ƙarewa, daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadama. Kai sai an kawo da ka kafin a wuce, ita kuwa ana wucewa ba a riƙe komai ba. Kai kana da lokaci, ita kowane lokaci nata ne, har tsakanin sallama da tasbihi. Ban ce a jefa ta rijiya ba. Na ga matan aure sun haɗa zauren hadda a WhatsApp, kowace ta turo muryarta da rabin shafi kafin azahar, malama ta saurara ta gyara, wadda ba ta turo ba a tambaye ta lafiya. Waɗannan sun ajiye iccen sun ɗauki dokar, kuma a wurina almajiranka ne na haƙiƙa.

Abin da nake so a gane ke nan, dokar ba ta tsaya ga hadda ba. Telan da ke karɓar ɗinki har ya rasa inda zai taka a shago, ya yi ta rantsuwa, ya kwana a kan keke goman ƙarshe, ranar Salla ya kashe waya ya ɓuya, ba ƙwazo ya rasa ba. Ya ma fi kowa wahala. Allo ya rasa, wato adadin da in ya kai zai ce wa mai kawo yadi ya cika. Mai ciwon suga ko hawan jini da likita ya ce ya riƙa motsa jiki, Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 ta ce a mako ga baligi, wato rabin awa sau biyar, daidai kwanakin karatunka. In ya ɗaura tafiyar a jikin sallar asuba, ya sami maƙwabcin da zai ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya gama da rabin matsalar. In ya bar ta sai ya sami sarari, sararin ba zai zo ba.

Abu guda ne ba ka iya yi wa kowa, kuma gara a faɗa. Ba ka zaɓa wa mutum abin da zai rubuta. A tsangaya an riga an zaɓa, babu mai tambayar ko burin ya cancanci wahalar. A sauran rayuwa kuwa mutum na iya shekara goma yana wanke allo a kan abin da bai dace da shi ba, saboda babansa ne ya so, ko saboda ya ga abokinsa ya yi kuɗi da shi. Naci ba ya gyara kuskuren zaɓi, ƙara masa nisa yake yi. Ko a cikin gidanka, an sha samun wanda ya haddace izu sittin bai san ma'anar abin da yake karantawa ba, bai kuma riƙe sana'ar da zai ci abinci ba, saboda an tsaya a kanka ba a wuce zuwa littattafai ba. Malaman da can ba su ɗauki sauka a matsayin ƙarshen karatu ba, daga ita ake buɗe Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala.

Yanzu ana ta shirin yi maka gyara. Tun 1986 ake musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda jami'ar Sakkwato, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yanzu, ta assasa, kuma da yawa daga yaran da ke fitowa a cikinta daga bugaggen mus'hafi mai shafi 604 suka haddace, ba daga jikinka ba. A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi ta Sakkwato, aka gina irinta da dama a jihohi, da yawansu suka lalace ba a ci moriyarsu ba. A 2023 aka kafa hukumar tarayya ta ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Ba na jin tsoron ranar da za a daina sassaƙa ka, takarda da allon bango ba abokan gaba ba ne. Tsorona shi ne a kwashe yaran a zuba su ɗari a aji guda, malami ɗaya ya yi ta rubutu a bango, a wuce babi na gaba ko an gane ko ba a gane ba saboda zangon karatu ya ƙare, a tara jarrabawa sai ƙarshen shekara. In aka yi haka an cire bara an cire bulala, madalla, amma an haɗa da abin da ya sa ka yi aiki an zubar.

Saboda haka in jami'an hukumar suka zo zaurenka da takardunsu, ka roƙe su su ciyar da yaran, su yi musu wurin kwana da magani, su ƙara musu lissafi da boko da sana'a. Sannan ka ce su bar maka abu ɗaya, har ma su ara su kai makarantun gwamnati: kada yaro ya wuce darasin yau sai wani babba ya zauna ya saurare shi ya kawo, shi kaɗai, da bakinsa. Za su ce malamai ba za su isa ba. Ka nuna musu yadda malami guda ke riƙe yara masu yawa ta hanyar sa gardi ya saurari titibiri, titibiri ya saurari kolo, kowa na bitar nasa yana biya wa na ƙasa da shi.

A gaida alaramma da sauran gardawa. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon kolo